Sabon Madabod, Tsohuwar Cuta: Me Ke Daskarar da Kwamfuta Bayan Gyara?

Kwamfutar tebur ta mutu, ko ta riƙa yin abin da ba a gane kansa ba, aka kai ta wurin mai gyara, ya duba ya ce madabod ne ya tafi. Aka sayo wani aka ɗaura, ta kama, Windows ya fito, kowa ya yi hamdala. Bayan kwana ɗaya ko biyu, ana tsakiyar aiki sai komai ya tsaya cak. Mawus ba ya motsi, kibod ba ya amsawa, in ana sauraren karatu sai sautin ya maƙale a gaɓa ɗaya yana ta nanata kansa. Babu abin yi sai a danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Masu shagon buga takardu da masu cibiyoyin rajistar jarrabawa sun san wannan ɓacin rai, kuma kusan kullum ɗaya daga cikin hukunci biyu ake yanke musu: ko dai "bod ɗin da aka sa ba shi da kyau," ko kuma "sai an yi mata fomatin."

A ganina duka biyun ana gaggawar yanke su. Madabod shi ne abin da kowane ɓangare ke zaune a kansa. Kafin a cire shi sai an ciro firosesa, an ɓamɓare fankarta, an zare RAM, an tsinke kowace waya da ke cikin akwatin. Saboda haka injin da ya dawo daga shago sabon haɗi ne da aka yi da tsofaffin kaya da baƙo guda ɗaya, kuma duk inda hannu ya taɓa wuri ne da kuskure zai iya shiga. Ga kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda ba kasafai ake yin ta ba: me ya sa aka sauya bod ɗin tun farko?

In dai dalilin sauyin shi ne kwamfutar tana daskarewa, aka sauya kuma ba ta daina ba, to magana ta kusa ƙarewa. Da wuya bod biyu daban-daban su zo da ciwo iri ɗaya sak. Mai laifin yana nan cikin kayan da aka kwashe daga tsohon aka ɗora wa sabon, an bar jaki ana dukan taiki. Idan kuwa tsohon bod ƙonewa ya yi bayan wuta ta zo da ƙarfi, ko janareta ya yi tsalle, ko tsawa ta faɗi a damina, to a tuna cewa wutar ba daga sama ta dira kan bod ba. Yawanci ta cikin fawafak take bi, wannan akwatin ƙarfe da ke karɓar wutar gida ya mayar da ita ƙaramar wutar da injin ke sha. Abin da ya isa ya kashe bod ya isa ya raunana fawafak, kuma sau da yawa ma fawafak ɗin ne ya lalace da kansa ya kashe bod ɗin. Mayar da shi kan sabon bod ba tare da gwaji ba ganganci ne, kuma shi ne gangancin da na fi gani.

Babban aikin fawafak shi ne ya fitar da wuta kala uku, mai bolt 12 da 5 da 3.3. Tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995 kuma har yau a kansa ake gina mafi yawan kwamfutocin tebur, ya yarda kowace ta kauce da kashi biyar cikin ɗari kacal. Ke nan layin 12 bai kamata ya sauka ƙasa da 11.4 ko ya haura 12.6 ba. Fawafak mai rauni yakan ba da lambobi masu kyau lokacin da injin ke hutawa, sai an ɗora masa nauyi, an buɗe babban zane a CorelDRAW ko an fara haɗa bidiyo, sai wutar ta yi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido, firosesa ta rikice, komai ya sandare. Mita ta hannu ba ta cika kama wannan ba, domin matsakaicin ƙarfi take nunawa, ba ta ganin rawar da wutar ke yi a cikin daƙiƙa. Shi ya sa gwajin da ya fi inganci shi ne mafi sauƙi: a ɗaura wani fawafak da aka tabbatar da lafiyarsa, a sake yin aikin da ke jawo daskarewar. Kada kuma a ruɗu da rubutun da ke jikinsa. Kasuwa cike take da masu ɗauke da tambarin wat 500 waɗanda in ka ɗaga su a hannu sai ka ji fayau, babu nauyin komai, kuma ba za su iya ba da abin da aka rubuta ba.

Akwai wani nau'in da ya fi ɗaure kai, inda injin ke aiki lafiya in ana wahalar da shi, amma da an bar shi shiru na 'yan mintuna sai a dawo a tarar ya daskare. Wannan ma sau da yawa daga wuta ne. Firosesocin Intel na zubi na huɗu, waɗanda ake kira Haswell da suka fito a 2013, sun zo da wani barci mai nauyi da suke shiga in babu aiki, inda abin da suke ja a layin 12 ke sauka har 0.05 na amfiya, alhali na baya ba su sauka ƙasa da 0.5. Tsofaffin fawafak da yawa ba a ƙera su don nauyi mai ƙanƙanta haka ba, sai wutarsu ta karkace. Wasu masu firosesocin Ryzen na farko sun ga irin wannan, har aka saka wani zaɓi a BIOS na daidaita wutar lokacin hutu. Duk wanda ya sayi sabon bod da sabuwar firosesa ya bar fawafak ɗin da ya shekara goma, ya fara kashe zurfafan matakan barcin nan a BIOS ya gani. In daskarewar ta tsaya, ya san inda kuɗinsa za su tafi.

Ga mu kuma da yawan kwamfutocin ofis na hannu da ake shigo da su daga Turai da Amurka. Wasu samfuran Dell OptiPlex da na HP ba su bin tsarin waya mai fil 24 da aka saba, nasu na musamman ne mai fil 8 ko 6. In aka sa wa irin wannan akwati bod na gama-gari, ko aka haɗa bod ɗinsu da fawafak na kasuwa, sai an nemi adafta, kuma adafta mai arha wata sabuwar ƙofar matsala ce. Haka rashin waya ta uku mai sauke wuta zuwa ƙasa a gine-gine da dama. In jikin akwatin yana ɗan cizon hannu in an taɓa shi, a gyara wayar ginin ko soket ɗin kafin a ci gaba da zargin bod.

Kafin a kwance ko sukuru ɗaya, ya kamata a tsaya a kalli yadda take daskarewar, domin daskarewa ba iri ɗaya ba ce. Lokacin da ta tsaya, danna maɓallin Caps Lock ka dubi ɗan hasken da ke kan kibod. Kwamfutar ce ke ba kibod umarnin kunna wannan haske, ba shi ke kunna wa kansa ba. In hasken yana kunnuwa yana mutuwa, injin yana raye, wani abu ne ya riƙe shi. In bai motsa ba, firosesar ta tsaya gaba ɗaya, kuma zargi ya fi karkata ga wuta da RAM da zafi, ko wani direba da ke can ƙasan tsarin. Idan mawus na yawo amma babu tagar da ke amsawa, ga ɗan hasken diski a gaban akwati ya kafe a kunne, Windows ne ke jiran diskin da ya ƙi ba da amsa. In hoton ne kawai ya tsaya amma sauti na tafiya yadda ya kamata, a dubi katin hoto. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare yakan sake tayar da direbansa. A kuma lura da lokacin. Wadda ke tsayawa bayan rabin sa'a na aiki kullum, zafi take nunawa. Wadda ke tsayawa da an soka filashi a gaban akwati, wayar USB ta gaba ce aka haɗa ba daidai ba ko bakin ya lalace. Wadda ba ta da lokaci, yau da safe gobe da daddare, RAM ne ko wuta.

Masu ɗan sani sukan buɗe kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, su ga jan layi mai suna Kernel-Power da lamba 41, su ce sun kama ɓarawo. Wannan layi ba ya faɗin komai illa cewa injin ya mutu ba ta hanyar da ta dace ba, abin da mai shi ya riga ya sani tunda shi ya danne maɓallin. Abin dubawa shi ne layukan da suka gabace shi da 'yan daƙiƙu. Saƙon WHEA yana nuna firosesa ko hanyoyin bod sun kai ƙarar kuskure. Saƙon diski mai lamba 153, ko 129 daga direban SATA, yana nuna diskin ne ko wayarsa.

Gwaji guda ne ke raba gardama tsakanin kayan ƙarfe da manhaja, kuma bai fi kuɗin filashi ɗaya ba. A zuba Ubuntu ko Linux Mint a kan filashi, a zare wayar diskin mai kwamfutar gaba ɗaya, a tayar da injin daga filashin, a bar shi yana kunna bidiyo yana shiga intanet na tsawon sa'o'i. In ya daskare a nan, inda babu Windows ɗin nan ko ɗigo, fomatin sau goma ba zai warkar da shi ba. In ya wuni lafiya, zargi ya koma kan Windows da direbobinsa ko kuma diskin da aka cire. Wanda ba shi da filashin ma zai iya shiga BIOS ya bar injin a nan na sa'a guda. Daskarewa a cikin BIOS shaida ce da ba ta buƙatar wata. Ina jin takaicin yadda wannan gwaji mai sauƙi bai zama al'ada a shaguna ba, alhali shi kaɗai zai ceci takardu da hotunan mutane da yawa daga gogewa a banza.

To a ce gwajin ya nuna kayan ƙarfe ne. Sai a koma kan haɗin da aka yi. A ƙarƙashin madabod akwai 'yan guntayen tagulla da ake ɗaurawa a jikin akwati, su ne ke ɗaga shi kada bayansa ya taɓa ƙarfe. Dole kowane ɗaya ya zo daidai da rami a jikin bod. Idan ramukan sabon ba su zo inda na tsohon suke ba, sai a bar guda ɗaya a inda babu rami, kansa na gogar bayan bod inda ɗaruruwan ɗigon darma suke. Injin zai iya tashi lafiya, ya yi kwanaki, sai ranar da aka bugi tebur ko aka tura waya a baya da ɗan ƙarfi, bod ya lanƙwasa kaɗan, tagullar ta haɗa layuka biyu. In ka ciro irin wannan bod ka juya shi a haske za ka ga ɗan zagayen ƙarzuwa mai sheƙi a kan koren fentin. Maganin shi ne a fito da bod ɗin waje a ɗora shi kan kwalinsa, da firosesa da fankarta da RAM guda ɗaya da fawafak kawai, a tayar da shi ta hanyar taɓa fil biyu na kunnawa da bakin sukurudireba. In ya zauna lafiya a waje, ciwon yana cikin akwatin. Daga nan sai a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa bayan kowanne. Wanda ya sauya RAM da fawafak da waya a lokaci guda, ko da ya dace ta warke, bai san me ya warkar da ita ba, kuma mai kaya ne zai biya kuɗin ukun.

Fankar firosesa ita ce ta biyu. Wadda Intel ke haɗawa da firosesocinta na soket 775 da 1155 da danginsu tana da ƙafafu huɗu na roba da ake turawa cikin bod har su yi ƙas. Robar ta tsufa ta sha zafi, wajen cirewa ƙafa ɗaya ta tsage, wajen mayarwa ta ƙi shiga. Daga sama za ka ga fanka a zaune tana juyawa, amma ɓangare ɗaya na ƙarfen a ɗage yake. Sai an leƙa bayan bod an ga kawunan nan huɗu sun fito daidai. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi ma ba a maimaita shi; wanda ya bushe ya zama ɓawo sai a goge da sifirit a ɗiga sabo kaɗan a tsakiya. Firosesocin Intel sukan fara rage gudu da kansu a wajen digiri 100, amma ba sai an kai can ba kafin a san akwai matsala. In a cikin BIOS, babu aikin komai, ka ga zafin ya wuce 70 yana ci gaba da hawa, fankar ba ta zauna ba. A shagon da ke Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu, inda iskar ɗakin kanta ke kusantar digiri 40, ɗan kuskuren da zai wuce ba a sani ba a ƙasa mai sanyi nan take yake bayyana.

Akwai kuma filayen soket. A tsarin Intel tun soket 775 na 2004, filayen ba a jikin firosesa suke ba, a cikin bod suke, siraran wayoyi fiye da dubu a soket irin 1155, kowanne da ɗan lanƙwasarsa. Kunna fitilar waya ka haska su daga gefe, ba daga sama ba, kana juya bod ɗin a hankali. Lafiyayyu duk haske ɗaya suke mayarwa a jere. Wanda ya karkace zai fito daban, ɗigon haske a inda ba a sa ransa ba. Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne sashen da ke kula da RAM ya daɗe da barin bod ya koma cikin firosesa, a AMD tun 2003, a Intel tun 2008. Fil ɗaya da bai taɓa ba ya isa ya sa rami ɗaya na RAM ya riƙa ba da kuskure, a yi ta sayen RAM ana mayarwa. Ɗaure babbar fanka da ƙarfi fiye da kima ma yakan jawo irin haka. A soket AM4 na AMD kuwa filayen a jikin firosesa suke, kuma in man ya bushe takan biyo fanka ta fito da ƙarfin tsiya lokacin cirewa, nan ne suke lanƙwashewa.

RAM kansa ya cancanci haƙuri. Cewa ya yi shekaru yana aiki a tsohon bod ba hujja ba ce cewa zai zauna da sabon. Kowane bod da yadda yake daidaita gudu da lokutan RAM, musamman in sandunan ba 'yan gida ɗaya ba ne, ɗaya na wannan kamfani ɗaya na wancan. DDR3 na asali bolt 1.5 yake sha, akwai ɗan'uwansa DDR3L mai 1.35, kuma bakinsu ɗaya ne, ramin ɗaya suke shiga. Tsofaffin bod masu G41, da har yanzu ake samu a shagunan buga takardu, ba su jituwa da sandar gigabait 4 mai ƙwayoyi takwas, sai mai ƙwayoyi goma sha shida a fuska biyu. A sababbi kuwa, gudun da aka rubuta a kwalin DDR4 ko DDR5 yawanci sai an kunna XMP ake samunsa, kuma wannan tura injin ne ya wuce gudun da aka tsayar na ƙa'ida; a kashe shi lokacin bincike. In ramuka huɗu ne sanduna biyu, mafi yawan bod sun fi son na biyu da na huɗu daga firosesa, amma littafin bod ɗin ne ke da magana ta ƙarshe. A goge bakin zinaren da kilina, a hure ƙurar hunturu daga ramin, a tura har maƙallan su rufe da kansu. Sannan a bar MemTest86 ya kwana yana zagaye. Kuskure ɗaya tak ya isa hukunci, sai dai hukuncin bai tabbata a kan sandar ba sai an gwada ta ita kaɗai a wani ramin. Hunturun nan kuma yana da wata illa: busasshiyar iska na tara wuta a jikin mutum, irin wadda ke yin ƙas in an taɓa ƙofar mota. A taɓa ƙarfen akwati kafin a ɗauki RAM, a kuma riƙe shi ta gefe.

BIOS ba ya buƙatar dogon bayani. Bod na hannu yakan zo da saitin mai shi na da, don haka a mayar da komai yadda kamfani ya tsara, a sa sabon batirin CR2032 mai bolt 3. A duba shafin kamfanin a tabbatar wannan bod da wannan sigar BIOS sun san firosesar da aka ɗora musu. Bod mai H61 na farko-farko sai an sabunta shi kafin ya karɓi firosesar zubi na uku, haka B450 da Ryzen 5000. Amma kada a kuskura a sabunta BIOS ba tare da UPS ba, ko ta cikin Windows ɗin da ke daskarewa. In aikin ya katse a tsakiya, bod ɗin na iya ƙin tashi kwata-kwata.

Idan kuwa Linux ya wuni lafiya, sai a waiwayi Windows. Wanda ke kan diskin an girka shi ne a kan tsohon bod, da direbobin tsohon. A zamanin XP da Windows 7 abin a fili yake fitowa, shuɗin allo mai lamba 0x7B tun kafin a shiga, yawanci don tsohon bod yana magana da diski ta tsarin IDE sabon kuma ta AHCI, ko akasin haka. Windows 10 da 11 sun fi juriya, sukan gane sabon gida su nemo direbobi su tashi. Wannan juriyar ce ke yaudarar mutane, domin tashi daban, zama lafiya daban. Abin da ya fi yin ɓarna shi ne ƙananan manhajojin kamfanin tsohon bod, masu sarrafa gudun fanka da fitilu da ƙarin gudu, waɗanda ke ci gaba da aika umarni ga sassan da babu su yanzu. A cire su duka. A shiga Safe Mode a gani ko tana daskarewa a can. In ba ta yi, direba ne ko manhaja. A sauko da direbobi daga shafin kamfanin sabon bod, a guji tarin direbobin nan da ake yawo da su a diski ɗaya ana zuba wa kowace kwamfuta, domin sukan cusa wanda ya yi kama amma ba shi ba ne. A kashe tsarin saurin tashi da ya zo tun Windows 8, wanda ke adana wani ɓangare na tsarin a diski maimakon ya mutu gaba ɗaya. In sauyin babba ne, daga Intel zuwa AMD misali, sabon girki ya fi tsafta, ban musa ba. Amma a yi shi a kan wani diskin gwaji tukuna. In ta zauna lafiya a kansa, sai a kwashe kayan mai ita a yi mata na gaske.

Abu biyu ake haɗawa da wannan da ba su da alaƙa da daskarewa. Rubutun da ke fitowa a kusurwa cewa Windows ba shi da lasisi yana zuwa ne don lasisin da ya zo da injin a ɗaure yake da tsohon bod, amma ba ya tsayar da kwamfuta. Na biyun shi ne BitLocker: in diskin a kulle yake, sabon bod zai nemi mabuɗi mai lambobi 48, kuma wanda bai adana shi ba kafin sauyin yana iya rasa komai. Diskin kansa kuma a duba lafiyarsa da manhaja irin CrystalDiskInfo. Layin 05 da C5 in suna da lamba, diskin ya fara ruɓewa, a kwashe kaya yau. Layin C7 in yana ƙaruwa, yawanci wayar SATA ce, kuma ita ce abu mafi arha a cikin akwatin gaba ɗaya.

Duk wannan ba ya nufin sabon bod ba ya zama mai laifi. Yana zama, musamman da yake abin da ake kira sabo a kasuwanninmu, daga Computer Village ta Ikeja har shagunan Arewa, galibi ciro shi aka yi daga wani injin, ko kuma sabon allo ne da aka ɗora wa tsohon cif da aka kwance daga wani wuri, domin an daɗe da daina ƙera H61 da G41. A dubi kafasitoci, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye kewaye da firosesa. Kan lafiyayya a shafe yake. Wadda ta kumbura ko ta fitar da wani abu ruwan ƙasa ta gama aiki. A farkon shekarun 2000 an yi annobar irin waɗannan, har Dell ya ware kimanin dala miliyan 300 a 2005 don gyara injinan OptiPlex irin GX270 da GX280. Sai dai bod shi ne ake yanke wa hukunci a ƙarshe, bayan an gwada shi a waje da fawafak mai lafiya da RAM mai lafiya da fanka a zaune, ya kuma daskare. A nan ne mai gyara zai koma wa dillali da hujja a hannu, kuma lallai ya yi hakan cikin kwanakin garantin da aka ba shi, waɗanda ba su da yawa.

Mai kwamfuta ba sai ya iya duk wannan ba, amma yana da haƙƙin tambaya. In an ce masa, "Alhaji, sai dai a yi fomatin," ya ce, "To Malam, an gwada ta ba tare da diskina ba? An gwada wani fawafak?" Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, zai ma nuna masa. Masu gyara kuma ina roƙonsu su ajiye abubuwa huɗu a shago don gwaji kawai, ba na sayarwa ba: fawafak mai kyau, sandar RAM ta kowane zubi, ƙaramin SSD, da filashi mai Linux da MemTest86. Kada injin da aka sauya wa bod ya bar shago sai ya kwana yana aiki, kuma in wuta ce ta kashe na farko, a gaya wa mai shi gaskiya cewa fawafak ma sai an sauya.